Amanar Kunkuru

A cikin dabbobin da Bahaushe ke ajiyewa a gida, da wuya a sami wanda ake zalunta cikin rashin sani kamar kunkuru. Akuya idan ta ji yunwa takan cika gida da kuka, kaza ta bi uwargida har madafi, kyanwa kuwa ta shiga ɗaki ta ɗauki rabonta da kanta. Shi kunkuru ba ya kuka, ba ya roƙo. Wannan shiru nasa ne ya sa jama'a suka ɗauka cewa ba ya bukatar komai, sai a jefa shi bayan ɗaki a manta da shi.

Mun shiga sahun masu kiwonsa ne a gidanmu da ke unguwar Madaki a Gombe, bayan wani ɗan'uwa ya ba yara kyautar ɗan ƙarami, wanda bai wuce tafin hannu ba, daga cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidansa. Sana'armu adabi ce, don haka mun daɗe da sanin kunkurun karin magana, wanda ya so dambe ba shi da yatsa, wanda kuma shi kaɗai ya san makamar matarsa. Amma na tsakar gida yana cin abinci, yana jin sanyi, yana kuma ciwo.

Irin namu shi ne babban kunkurun yankin Sahel, wanda masana ke kira sulkata. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabara. Wannan ɗan tafin hannun, in da rai, zai iya haura kilo 50, ya kuma wuce shekara 70. Ba kififiya ba ne. Ita kififiya ruwa ne gidanta, shi kuwa idan aka saka shi cikin ruwa mai zurfi nutsewa zai yi.

Maganar abinci ita ce farkon jarrabawa, domin tausayin yara yakan sa su miƙa masa abin da suke ci. Cikin kunkuru an yi shi ne domin ciyawa. Muna ba shi harkiya da ƙiri-ƙiri, ɗanye ko busasshe, mu haɗa da ganyen kabewa da na rama. Tuwo da shinkafa da burodi da nama ba cimarsa ba ne. Suna sa shi girman gaggawa, ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu, ƙoda ta wahala. Kankana da mangwaro sai jefi-jefi, don zaƙi na ɓata masa ciki. Mukan barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai saboda ƙarfin ƙashi, mu ajiye ruwa a faffaɗan kasko wanda bai kai masa wuya ba. Ciyawar da aka yi wa feshi kuwa guba ce, shi ya sa ba ma yankowa a ko'ina.

Sai muhalli. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, filaye suka yi tsada, tsakar gida ta ƙuntata, siminti ya mamaye sauran. Kunkuru kuwa mahaƙi ne. A daji rami yake tonawa ya fake wa zafin bazara. Dole muka bar masa kusurwa guda ta ƙasa zalla, mai rana da hantsi da inuwa da azahar, domin hasken rana ne ke ƙarfafa ƙoƙonsa. Muka kewaye ta da bulo mai tushe a ƙasa, nesa da rijiya da gindin katanga. Da damina mukan lura kada ruwa ya cika masa rami. Da hunturu mukan shigar da shi ɗaki cikin kwali mai busasshiyar ciyawa, saboda irinsa bai saba da sanyi ba, mura ma kan kashe shi. Tun da ƙarami ne, ɓera da hankaka abokan gaba ne.

Akwai al'adar huda gefen ƙoƙon a ɗaura igiya. Ya kamata a sani cewa ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, kuma yana jin zafi. Haka nan mun kafa wa yara dokar wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi, don yakan ɗauki ƙwayar cutar da ke kawo gudawa.

Mai karatu zai iya cewa wannan ɗawainiya ta yi yawa a kan abin da ba a ci, ba a tatsa. Amsarmu biyu ce. Ta farko, irin wannan kunkuru yana ƙarewa a daji saboda kamu da ƙarancin makiyaya, har yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo a daji domin ciniki tun shekarar 2000. Ta biyu, hadisi ya zo da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tsawon kwanansa. Lokacin da Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomosho, ya mutu a 2019, fadar ta ce shekarunsa 344. Masana sun yi shakkar adadin, amma jama'ar garin sun tashi sun gan shi a fada. Mu da muka haura arba'in, bisa al'ada namu zai iya ganin bayanmu. Ke nan ba wa kanmu kaɗai muka karɓo shi ba; mun ɗora wa 'ya'yanmu nauyin da ba su nema ba. Saboda haka muke koya musu yankan ciyawa da sauya ruwa tun yanzu, muna kuma tambayarsu wane ne zai ɗauke shi ranar da gida ya watse. Wanda bai shirya amsa wannan tambaya ba, gara ya bar kunkuru inda ya gan shi. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.