Ranar da Muka Karya Alli

A hunturun da ya wuce, ƙanwata da ke aiki a Abuja ta aiko mini da kwalaye 6 na wani irin alli da Turawa ke kira fastel, ta ce in kai wa ɗalibaina. Ina koyar da darasin al'adu da fasaha a wata makarantar firamare da ke wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Shekara da shekaru, abin da muke kira darasin zane bai wuce in zana tulu a allo, yara su kwafa da fensir, in bi da jan biro ina ba da maki ba. Kwalayen sun yi mako 2 a durowata, domin ni kaina ban san ta inda zan fara ba.

Wanda bai taɓa riƙe fastel ba zai ɗauka allin makaranta ne aka rina. Allin da muke rubutu da shi kusan dukansa farin gari ne, launin cikinsa kaɗan ne, shi ya sa yake fitowa a koɗe. Shi kuwa fastel garin launi ne aka kwaɓa da ɗan ƙaro don ya kama jikinsa, aka mulmula, aka shanya. In ana son launin ya yi haske sai a ƙara farar ƙasa ko garin alli. Sunan ma ya samo asali ne daga kalmar Italiyanci mai nufin kwaɓi. Da na fahimci haka sai na ga babu baƙo a cikin kayan haɗin. Ƙaro dai shi ne wanda almajiri ke sa wa tawada don ta kama allo, farar ƙasa kuwa ga ta nan ana haƙa a Ƙanƙara.

Garin ba ya shiga jikin takarda kamar tawada, maƙalewa yake yi a kan kaushinta. Saboda haka takardar littafin rubutu mai santsi ba ta riƙe shi. Sai na bi shagunan unguwa na roƙo kwalayen taliya da na sabulu, muka yayyanka, kowane yaro ya sami nasa.

Ranar farko na raba wa 'yan aji 4 allin, na ce kowa ya karya nasa gida biyu. Aji ya yi tsit. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a karya fa ka ce?" Na ce ƙwarai kuwa. Dalilina shi ne, dogon alli yaro zai riƙe shi kamar biro, ya ja siririn layi yadda ya saba. Guntu kuwa ana kwantar da shi a gefensa a shafa, sai launi ya bazu da faɗi. Sun karya, amma a tsorace, suna kallon ƙofa kamar hedimasta zai shigo. Wasu har sun fito da rula za su ja layin gefe a kan kwali.

Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajin, wadda nake nuna littafinta ga sauran a matsayin misalin tsabta, ta naɗe hannunta cikin hijabi ba ta taɓa komai ba. Da na matsa kusa sai ta ce a hankali, "Malam, in na yi kuskure da me zan goge?" Na ce wannan allin kilina ba ta goge shi tas, sai dai ta dama shi. Har aka kaɗa ƙararrawa kwalinta babu ko ɗigo.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba, domin na san wanda ya koya mata wannan tsoro. Mu ne. Mu muke cewa wanda ya ɓata shafi ya yage ya sake, mu muke rage maki saboda rubutu ya kauce wa layi, har yaro ya gane cewa aikin kirki shi ne wanda babu alamar an taɓa yin kuskure a cikinsa. Wanda ya yi aikin ofis ya san irin wannan yaro bayan ya girma: ƙaramin ma'aikacin da ba zai rubuta wasiƙa ba sai an ba shi tsohuwa ya kwafa, kuma ba zai faɗi ra'ayinsa a taro ba sai ya ji na oga. Ilimi yana da shi, gwadawa ce aka hana shi tun yana ɗan shekara 9.

Mako na biyu na ce kowa ya zana sararin sama. Duk ajin suka yi rububin shuɗi, har da ita, domin wannan karon tana ganin ta san amsa. Sai da suka cika rabin kwali na ce su ajiye, mu fita tsakar makaranta. Watan Janairu ne, hazo ya rufe gari, bishiyoyin darbejiya na bakin titi ma da ƙyar ake hango su. Na ce, "To, ku ɗaga kai. Wane launi ne?" Wani ya ce fari, wata ta ce ruwan toka, wani ya ce kamar kunun gyaɗa, aka kwashe da dariya. Babu wanda ya ce shuɗi. Gani ya kori ji: shekarunsu duka suna ƙarƙashin wannan sama, amma ta cikin littafi suke zanawa.

Da muka koma aji yarinyar ta zo ta ce in ba ta sabon kwali, nata ya lalace. Na ce babu saura, kuma gaskiya na faɗa. Na nuna mata cewa a wannan aiki ana fara sa launi mai duhu ne, a ɗora mai haske a kai, sannan a murza da yatsa. Ta tsaya jim, ta ɗauki ruwan ƙasa ta shafa a kan shuɗin, ta bi da fari, ta sa ɗan yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunyar zafi. Shuɗin da ta kira kuskure ya haɗu da ruwan ƙasa ya ba da wata toka mai dishi-dishi, irin ta hazon da muka gani a waje. Yara suka taru a kanta. Ta dubi yatsanta da ya yi dumu-dumu, ta sa sauran huɗun.

Haka manyan masu wannan sana'a suka yi aiki. Edgar Degas, mai zanen Faransa da ya rasu a 1917, yakan ɗora launi a kan launi sau da yawa, yana fesa maganin kamawa a tsakani, har na ƙasa ya riƙa leƙowa ta cikin na sama. Kafin shi, Rosalba Carriera ta birnin Banis a Italiya, wadda ta ziyarci Faris a 1720, ita ta sa manyan Turai suka yi sha'awar fastel. Zane-zanenta har yau launinsu bai dushe ba, domin babu mai a cikinsu da zai yi rawaya da tsufa.

Abin yana da nasa wahalhalu. Ƙura ce ta farko, ga shi lokacin hunturu ne da ƙirjin yara ke fama. Na hana hura garin da baki, sai dai a karkata kwali a bubbuga a kan tsohuwar jarida. Masu asma na zaunar da su bakin taga, na ajiye jiƙaƙƙen tsumma a kowane benci. Allin kuma ya zama na yara ne, domin na ƙwararru wasu launukansa suna da sinadarai masu cutarwa. Duk da haka fararen hijabai sun koma gida da tabo. Washegari mahaifin wata ya zo ya ce, "Malam, sabulu fa ba kyauta ake ba mu ba." Na ba shi haƙuri, domin shi ke da gaskiya, daga nan kowa ya riƙa zuwa da tsohuwar riga. Wani uban ya tambaya ko masu rai muke zanawa. Na ce sama muke zanawa, da tumatir, da inuwar da ke sauka a jikin hasumiyar Gobarau da la'asar, da dagi irin na jikin soraye, da zayyana irin ta allon mai sauka. Ya ce to madalla.

Kafin ƙarshen zango allin ya ƙare. Yara da kansu suka fara kawo gawayi da jar ƙasa daga gida, sai muka ce bari mu gwada haɗa namu. Muka daka, muka tankaɗe da rariya, muka jiƙa ƙaro muka kwaɓa, muka shanya a taga kwana 3. Ya fito da tauri kamar tsakuwa, ko alama ba ya bari a kwali. Ina cikin tunanin yadda zan yi musu bayani, sai yarinyar nan ta ɗauki guda ta karya, ta duba cikinsa, ta ce, "Malam, ƙaron ne ya yi yawa. Mu rage mu sake." Ranar Litinin mai zuwa za mu sake kwaɓawa.