Versova: Bakin Tekun 'Yan Fim Da Kunkuru Ya Dawo

Masu karatu, duk mai kallon finafinan Indiya ya sha ganin yaro da yarinya suna tsere a bakin teku ana waƙa. To yau shafin namu ya leƙa irin wannan wuri, wato Versova, a birnin Mumbai, wanda da muka sani da Bombay. Unguwa ce ta masunta, kuma nan kusa da ita ofisoshin furodusoshi suke, inda samari da 'yan mata ke yawo da hotunansu suna neman a saka su a fim.

Abin da kyamara ba ta nuna mana shi ne, shekarun baya bakin tekun nan bola ce zalla. Leda da robobi sun binne yashin, wani wurin sai ka nutse har gwiwa. A 2015 wani lauya mai suna Afroz Shah da wani dattijo maƙwabcinsa suka fara kwashe sharar da hannu duk ƙarshen mako. Wasa-wasa jama'a suka shigo, har shi kansa Amitabh Bachchan ya ba su gudummawar tarakta da katafila.

Sai ga abin mamaki a watan Maris na 2018: 'ya'yan kunkurun teku kusan 80 suka fito daga cikin yashi suka nufi ruwa, abin da aka yi kusan shekara 20 ba a gani ba a wurin.

Me ya haɗa kunkuru da tsafta? Uwar da dare take fitowa, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa abinta. In leda ta rufe yashin, ina za ta haƙa? Bayan kwana 45 zuwa 60 ƙwan ke ƙyanƙyashewa, kuma zafin yashin ne ke raba jinsi: in ya yi yawa, mata za su fi yawa.

Amma fa kada ka je Versova ka zauna jiran kunkuru, sa'a ce. In kana son gani da idonka, nufi ƙauyen Velas, kudu da Mumbai, wajen watan Maris. Can mutanen gari ke killace ƙwan, su sauki baƙi a gidajensu, safe da yamma a saki 'ya'yan da suka fito kowa yana kallo. Sharaɗi: ban da taɓawa, ban da filashin kyamara, don haske na ɓatar musu da hanyar teku.

Saura mu. In an tashi daga lokeshin, wa ke tsince ledojin fiya wata da muka zubar?