Taura Uku a Baki Guda

A unguwarmu ta Limawa, cikin garin Minna, akwai wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda yaro da babba ke kira Baba. A ranar da muka je yi masa albishir cewa mu biyar, waɗanda muka tashi muna buga tamaular tsumma a ƙofar gidansa, mun sami gurbin karatun Hausa a kwaleji, sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye mu abin da muke so a rayuwa. Muka ce, "Baba, abu uku ne: karatu da ƙwallo da tafiye-tafiye." Ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yan nan, taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku." Muka yi dariya, muka tashi, domin a lokacin gani muke yi tsufa ne kawai ke magana.

Dole ne mai karatu ya yi mana uzuri game da ƙwallo, domin duk wanda ya tashi a Minna ya san ba mu muka fara ba. Mun buɗe ido mun tarar da yayyenmu suna ba da labarin shekarar 2000, lokacin da ƙungiyar Niger Tornadoes, wadda ake yi wa kirari da 'yan Ikon Allah, ta doke Rangers ta Enugu da ci ɗaya da nema, ta kawo kofin ƙalubale na ƙasa gida. Mu kuwa namu rabon shi ne na 2017, sa'ad da ƙungiyar ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Akwa United ta raba ta da kofin a bugun fenariti, muka kwana ba mu ci tuwo ba. Filin wasa na Bako Kontagora ya san tafin ƙafarmu tun kafin mu san hanyar laburare.

Game da tafiya kuwa, muna iya cewa gadonta muka yi. Layin dogon da aka fara shimfiɗawa daga Baro a 1907, wanda ya isa Kano a 1911, ta Minna ya ratsa, kuma shi ne ya jawo kakanninmu daga Kano da Katsina da Zazzau, wasu leburori, wasu 'yan kwangila, wasu fatake, suka zauna a ƙasar Gbagyi har suka haifi iyayenmu. Saboda haka da muka kafa 'yar ƙungiyar ƙwallo a kwaleji, ba mu taɓa ƙin gayyatar wasan sada zumunta ba, komai nisan gari. Mukan yi karo-karo mu ɗauki shatar mota ranar Asabar, mu buga wasa, mu ci abinci, mu dawo da dare muna waƙa, ko an ci mu ko mun ci.

Ƙarshen zangon farko ne maganar Baba ta tabbata. Da aka kafe sakamakon jarrabawa, uku daga cikinmu sun faɗi darasin rubutun zube, sauran biyun kuma da kyar suka sha. Ba ƙaramin abu ba ne wannan a gidajen da ake sayar da akuya ko a ci bashin adashi kafin a biya kuɗin makaranta. Mahaifiyar ɗayanmu, wadda ke tuyar ƙosai tun asuba, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ci gaba da tuyarta. Wannan magana ta fi bulala zafi.

Malamin da ke koyar da darasin ya kira mu ofishinsa. Mun shiga muna jiran ya ce mu zaɓi ɗaya, ko littafi ko ƙwallo. Maimakon haka sai ya tambaye mu inda muka je wasa na ƙarshe. Muka ce Zungeru. Ya ce, "Me kuka gani a can?" Muka ce, "Malam, fili ne mai tsakuwa, kuma alƙalin wasan ɗan garin ne." Ya ce, "A ina aka haifi Abubakar Imam?" Muka amsa baki ɗaya, domin mun haddace, "A Kagara, a 1911." Ya ce, "Ina ne Kagara?" Nan fa aka yi tsit. Ashe hanyar da muka bi zuwa Zungeru, in an zarce an wuce Tegina, ita ce ke kai mutum Kagara, a cikin wannan jiha tamu ta Neja. Mun haddace sunan garin kamar yadda ake haddace sunan wani birni a Sin, alhali motocinsa muna ganinsu a tasha.

Malam ya ce, "Ku ba matafiya ba ne, kaya ne ake ɗauka a mota a sauke." Sa'an nan ya tuna mana cewa mutumin da muka faɗi jarrabawa a kansa, wanda ya zama editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da ya je Ingila a 1943 bai dawo da tsarabar tufafi kaɗai ba, ya dawo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya gindaya mana sharaɗi guda: ba zai hana mu wasa ba, amma duk garin da ƙwallo ta kai mu, sai mun kawo masa shafi biyu da Hausa mai kyau a kan abin da muka gani da abin da muka ji daga bakin mutanen garin. Muka sayi babban littafin rubutu mai baƙin bango, muka naɗa mai tsaron gidanmu ya zama magatakarda, tun da shi ne ya fi mu zama wuri ɗaya.

Da muka koma Zungeru karo na biyu, sai muka tashi da sassafe domin mu sami sa'o'i kafin wasa. A nan muka ga kangayen gine-ginen Turawa da maƙabartarsu, muka tsaya a bakin kogin Kaduna, muka fahimci cewa wannan gari da muka raina shi ne hedikwatar Arewa tun daga 1902, kafin a mayar da ita Kaduna, kuma a cikinsa aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, da Odumegwu Ojukwu a 1933. Mun sha kashi da ci biyu a ranar, amma mun cika shafi huɗu.

A Bida, ƙasar Etsu Nupe, mun ziyarci maƙeran tagulla da masu narka kwalba su yi tsakiya da awarwaro a unguwar Masaga. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda dattawan wurin suka yi mana bayani da Hausa, mu kuwa ko gaisuwa ba mu iya mayar musu da Nufanci ba, bayan kuwa tare muka tashi da 'ya'yansu a Minna. Tun daga ranar muka daina dariyar Hausar wanda ba Bahaushe ba, domin shi ya yi tafiya zuwa gare mu, mu ne ba mu taka ko'ina ba. A Suleja kuma, wadda ita ce Abuja ta asali da zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa bayan jihadi, mun ji labarin Ladi Kwali maginiyar tukwane, wadda muka daɗe muna riƙe hotonta a jikin naira 20 ba tare da mun taɓa tambayar ko wace ce ba.

A hankali sai muka lura cewa taurar nan uku ashe ba a baki guda ake zuba su ba, bi da bi ake taunarsu. Ƙwallo ce ke samar mana dalilin tafiya da masaukin baƙi, tafiya ke ba mu abin rubutawa, rubutu kuma ke tilasta mana komawa laburare domin mu tantance abin da aka faɗa mana. Atisaye ya koma bayan la'asar kaɗai, kuma muka yi doka cewa mako uku kafin jarrabawa babu wasan waje. Waɗanda suka faɗi darasin nan sun maimaita shi sun ci, ba da wani babban maki ba, amma da sanin abin da suke rubutawa.

Sai dai akwai gari ɗaya da har yanzu ba mu je ba, shi ne Kagara. Ranar 17 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke garin, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da mutum 42, ciki har da ɗalibai 27. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekara kuma aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina. An sako waɗanda suka rayu daga baya, amma tsoron bai bar zukatan iyayenmu ba. Da muka kawo maganar zuwa can, duk gidajenmu biyar amsa ɗaya aka ba mu, kuma ba mu da bakin musu.

Muka kai ƙara wurin Baba, muna zaton zai ce dama ya faɗa mana. Sai ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce, "A zamaninmu yaro kan shiga jirgi shi kaɗai daga nan har Kano, uwarsa ta yi barci. Na hana ku yawo ne don kada ku bar karatu, ban taɓa fatan a wayi gari hanya ce za ta hana ku ba." Muka ce, "Baba, to yaya za mu yi?" Ya ce, "Ku ci gaba da rubuta inda kuka samu zuwa. Amma ku tuna, akwai tsararrakinku a can da ba wasa aka hana su ba, makarantar ce gaba ɗaya ta gagare su."

Wannan magana ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Mu da muke kukan an rage mana gari ɗaya a jerin tafiye-tafiyenmu, mun gane cewa abubuwan nan uku da muke kira sha'awa ni'ima ce da ba kowane ɗalibi ya samu ba, kuma duka ukun zaman lafiya ne ke ɗauke da su. Magatakardanmu ya rubuta sunan Kagara a saman wani shafi, ya tsallake shi, ya ci gaba da rubutu a na gaba. Muna roƙon Allah ya kawo mana ranar da za mu buga wasa da samarin garin Imam, a ci mu ko mu ci, mu dawo da dare muna waƙa, iyayenmu kuma suna barci. Amin.