Bulon yana da iyakarsa

Duk mai tsohuwar mota a ƙasar nan, Peugeot 504 ce ko Toyota, rabin makanike ne, ko ya so ko ya ƙi. Ni ma cikinsu nake, kuma aikin da ya fi dawo mini shi ne canza robobin da moter yake zaune a kansu. Zafin rana yana busar da su, man da ke ɗiga yana cinye su, gargadar hanyoyin karkara ta ƙarasa sauran.

Cire tsohuwa a sa sabuwa ba wuya. Inda nake saɓawa da maƙwabtana shi ne wajen ɗaure bulon. A ganinsu ɗauri bai yi ba sai an zura tiyo a bakin kile, an hau da ƙafa, ƙarfe ya yi ƙara. To, jama'a, a yi lissafi. Kile mai tsawon rabin mita, in ka danna shi da nauyin kilo 10, ka ba bulon kusan niyuton-mita 49, wanda shi ne kimanin abin da bulon mai kaurin milimita 10, mai lambar 8.8 a kansa, yake bukata. Ka sa tiyon mita guda, da hannun nan dai ka ninka ɗaurin. Ina ga ƙato ya hau da dukan jikinsa? Bulon ya miƙe, ko ya kwashe zaren aluminiyam ɗin da ya shiga. Ba a tsakar gida zai karye ba. Sai mota ta yi nisa, cike da iyali, moter ya karkata, farfela ta huda radiyata.

Shi ya sa nake aro kile mai awo, in duba adadin da littafin motar ya faɗa, don kowace mota da nata. Littattafan Faransa sukan rubuta m.daN, ɗaya daidai yake da niyuton-mita 10. Ba na shafa wa zare mai sai littafin ya ce, domin santsi yana sa bulon ya ɗauru fiye da abin da kile ya nuna.

Tsari ma yana da muhimmanci. Nakan sa katako tsakanin kirik da ƙasan moter, in fara kama bulon duka da hannu, in sauke moter ya zauna da nauyinsa, sa'an nan in ɗaure. Robar da aka ɗaure moter yana rataye takan zauna a murɗe, ba ta jimawa take tsagewa.