Kwaɗon Da Na Sa Wa Littafina

Mai karatu, bari in ba ka labarin ranar da na gane cewa kalmar sirrin nan da kake bugawa kafin kwamfuta ta buɗe, asabari ce kawai, ba ƙyaure ba.

Saura babi biyu in kammala littafin da na shekara uku ina rubutawa, sai kwamfutata ta ƙi tashi a ɗakina da ke Unguwar Kwarbai, cikin Birnin Zazzau. Na saɓe ta, na fita ta Ƙofar Doka sai Sabon Gari, wurin wani mai gyara. A gabana ya zare ma'ajiyar bayanan, ya jona ta da tasa kwamfutar. Sai ga littafina, ga hotunan maiɗakina ba mayafi, duk a allonsa, bai nemi kalmar sirri ba. Ya ce, "Malam, ai wannan ba wani aiki ba ne." Wallahi gabana ya faɗi. Na tuna 2007, lokacin da bidiyon sirri ƙwaya ɗaya ya bi wayoyin jama'a a Kano, har aka dakatar da shirya finafinai.

Tun daga ranar na shiga neman manhajar da ke hargitsa fayil, ya zama ba mai iya karanta shi sai mai makulli. TrueCrypt aka fara ambata mini, to amma masu ita sun yi watsi da ita tun watan Mayu na 2014, kada ka kusance ta. Magajiyarta ita ce VeraCrypt, wadda Mounir Idrassi ya fitar daga Faransa a 2013. Kyauta ce, kuma akwati take gina maka a cikin kwamfuta, ka zuba abin da kake so ka kulle. BitLocker ta Microsoft tana kulle ma'ajiyar gaba ɗaya, sai dai cikakkiyarta a Windows Pro take, ga kuma makullin ceto mai lamba 48 da dole ka adana. Akwai kuma 7-Zip, wadda ke ƙunshe fayil da tsarin AES-256.

Ni dai VeraCrypt na zaɓa wa littafi da hotuna, domin in kwamfuta ta sake komawa hannun mai gyara, akwati kulle zai tarar. In zan tura babi Kano wurin mai duba mini rubutu, da 7-Zip nake ƙunshe shi, kalmar sirrin kuma a waya nake faɗa masa da baki.

Sai dai fa ka sani, kwaɗon nan bai san mai gida ba. Ka manta kalmar, ko wanda ya ƙirƙiri manhajar ba zai buɗe maka ba. Tawa doguwar jimla ce, na rubuta a takarda, tana can ƙasan adakar Hajiya, tare da filashin da na kwafe akwatin a ciki.

Kai fa, in taka ta mutu yau, me mai gyara zai gani?