Alewar Ƙafar Saniya da Darasin da Jikata Ta Koya Mini

Yawancinku a wuri biyu kuka san ni: shagona na tireda, da masallacinmu, inda nake jan salla idan Liman ya yi tafiya. Labarin nan ya haɗa wuraren biyu.

Wata rana bayan La'asar wani matashi ya tare ni, ya ce, "Malam, alewar nan mai danƙo da kake sayarwa, wadda yara ke kira alewar roba, halal ce kuwa?" Na ce masa in sha Allahu. Amma da na koma shago sai kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ina saro ta daga Minna kwali-kwali, ban taɓa juya ledar na duba bayanta ba.

Na sa ɗana ya karanta mini. Abin da ke ba ta danƙo sunansa jilatin, daga fata da ƙashin dabba ake fitar da shi, wani na saniya, wani na alade, wani na kifi. A kan wasu ledojin an rubuta na saniya ne, wasu kuwa shiru. Lambar NAFDAC kuma ba shaidar yanka ba ce. Malamai sun yi saɓani: wasu na ganin idan abu ya rikiɗe gaba ɗaya hukuncinsa ya canza, wasu ba su yarda ba. Ni dai na kwashe wadda ba a bayyana asalinta ba, na haƙura da ribar.

Sai jikoki suka tasa ni gaba da ƙorafi. Uwargida ta yi dariya ta ce, "Malam, ba ka ganin yadda romon ƙafar saniya ke daskarewa idan ya kwana lokacin hunturu? Ai shi ne jilatin ɗin naka." Ashe abin yana cikin tukunyarmu tun zamanin kakanni.

Muka sayi ƙafa biyu wurin mahaucin da na san yankansa. Aka babbake, aka kankare, aka wanke tas. Ta ɗora a wuta kaɗan-kaɗan wajen awa bakwai, ba gishiri ba yaji. Ta tace romon, ya huce, ta kwashe kitsen da ya taso, ta sake tafasawa har ya yi kauri. Sannan ta zuba ruwan zoɓo mai ƙarfi da sukari, da citta da kanumfari don su kashe ƙarni. Aka juye a faranti, ya kwana a firji, da safe ta yanka ƙanana-ƙanana.

Abu biyu muka koya da asara. Ɗanyar abarba da gwanda suna hana shi daskarewa, sai an fara tafasa su. Kuma zafin Zungeru ba ya raga masa: idan zafi ya kai wajen digiri 35 narkewa yake yi. Tunda asalinsa romon nama ne, ba a ajiye shi ya wuce kwana biyu zuwa uku, ko a firjin ma.

Na yi ta murna, har ina ba mutane labari a bakin shago. Ran nan muna zaune a tsakar gida, yayan jikata ya ɗauki yanka guda ya sa mata a baki, ita kuwa watanta goma. Sai muka ga yarinya ta yi shiru, ido waje, ba kuka ba tari. Ni da nake jan mutane salla na sandare, salati kawai nake yi. Uwargida ce ta fizge ta, ta kifa ta a kan hannunta, kai na kallon ƙasa, ta bubbuga tsakanin kafaɗunta. A bugu na huɗu abin ya faɗo. Ban taɓa jin kuka mai daɗi kamar na ranar ba.

Washegari muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, duk abu mai santsi da danƙo yana iya toshe maƙogwaron ƙaramin yaro, na gida ne ko na kanti. A bari sai ya kai shekara huɗu." Ta ƙara da cewa wata shidan farko nono kaɗai ake ba jariri, zuma kuma sai ya cika shekara.

Da dare na kasa barci. Na yi ta binciken halal, na manta ban tambayi ko abin ya dace da wanda zai ci ba. Alhali addinin da ya hana mu haram shi ne ya ɗora mana amanar ran yaro.

Har gobe muna yin alewar, manyan yara na ci a zaune, babba na kallo. A shago kuma, idan uwa mai goyo ta zo saye, sai na tambaye ta, "Wa za a ba?" Wasu na jin haushin tambayar, amma ba zan daina ba. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.