Kajiji da Fina-finan da Ke Neman Ɓacewa

Kajiji gari ne a Ƙaramar Hukumar Shagari, a kan titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga ya nufi Tambuwal. Duk sa'adda tafiya ta biyo da ni ta nan, nakan yada zango a rumfar masu cajin waya, inda matasa ke jira a tura musu fina-finai. Wannan rumfa ita ce silimarsu.

Nakan tambayi fina-finan da na fi ƙauna. Sholay na Indiya, na 1975, ba ya wuyar samu, domin har yau ana tuna muguntar Gabbar Singh. Barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro ma yana nan. Sangaya na 1999 kuwa, sai an sha lalube. Amma da na ambaci Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai a yi shiru.

Ba laifin yaran ba ne. Shi kansa fim ɗin ya daɗe yashe a ma'ajiya, kafin a gyara shi a Jamus, a nuna shi a Balin a 2018. To, ina makomar ɗimbin kaset-kaset ɗin Kano da zafi da ƙura ke cinyewa?

Ya kamata jami'o'inmu da masu sana'ar fim su tattara su, su adana. Ɗan Kajiji yana da haƙƙin ganin tarihinsa da harshensa, kamar yadda yake ganin na Indiya.